Cocin Dominikan na Maastricht: Yadda Ginin 1294 Ya Koma Kantin Littattafai

A tsakiyar birnin Maastricht, can ƙarshen kudancin Holan inda ƙasar ta kutsa tsakanin Beljiyam da Jamus, akwai wani coci da aka keɓe don ibada a shekarar 1294. Yau wanda ya shiga ƙofarsa littattafai zai tarar, da layin masu biyan kuɗi, da ƙamshin kofi yana tasowa daga inda bagadi, wato teburin ibadar coci, yake a da. Sunan kantin Boekhandel Dominicanen. Tun 2008, lokacin da jaridar The Guardian ta Ingila ta sa shi a sahun gaba cikin kantunan littattafai mafi kyau a duniya, hotonsa yake yawo. Da wuya a zauna taro a Turai kan yadda za a yi da cocin da masu ibada suka ƙaurace wa ba a haska wannan hoton a bango ba.

Aikin ya cancanci yabon da yake sha. Sai dai hoton yana sa mutane su ɗauka cewa dabarar mai zanen gini ce kaɗai ta ceci wurin, alhali akwai tarihi da lissafin haya da dokar coci a bayan labarin, kuma sau biyu kamfanin da ke riƙe da kantin yana karyewa.

Abin da ya sa tambayar ta taso

Ga mai karatu da ya saba ganin masallatai da majami'u suna cika har sahu ya fito titi, batun a rasa masu ibada abin mamaki ne. A Holan kuwa ya zama ruwan dare. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar, CBS, ta nuna cewa a 2017 ne karon farko da waɗanda ba su danganta kansu da kowane addini suka haura rabin masu shekara 15 zuwa sama. A 2019 jaridar Trouw ta ƙirga gine-ginen coci kusan 6,900 a ƙasar, ta ce ɗaya cikin biyar ya riga ya koma wani abu dabam: gidajen kwana, ofisoshi, wuraren wasa, gidajen abinci.

Ginin coci yana cin kuɗi ko da mutum goma ne ke zuwa ranar Lahadi. Rufi yana yoyo, indararo yana toshewa, dutse yana marmashewa, ga kuɗin ɗumama ɗaki mai tsayin bene huɗu ko biyar a lokacin hunturu. Idan masu ba da baiko suka ragu, sai a haɗe ikilisiyoyi biyu ko uku su zama ɗaya, a rufe sauran gine-ginen. Rushewa kuma ba koyaushe take yiwuwa ba, domin da yawansu suna cikin rajistar gine-ginen tarihi na ƙasa, doka ta hana a taɓa su ba da izini ba. Ko waɗanda ba su taɓa shiga coci ba sukan tashi tsaye idan aka ce za a rushe hasumiyar da suka buɗe ido suka gani a unguwarsu.

Shekara wajen 200 ba a yi ibada a ciki ba

Ɗarikar Dominikan ƙungiya ce ta malaman Katolika masu wa'azi, wadda Fafaroma ya amince da ita a 1216. A cikin birane suke zama, kusa da kasuwa, inda jama'a suke. Sun iso Maastricht a shekarun 1260, suka gina cocinsu da wani dutse mai laushi, launin ƙasa-ƙasa mai haske, wanda ake sarowa a tsaunukan yankin. Da yake wa'azi ne sana'arsu, sai suka yi ginin dogon zaure mai faɗi da tsayi, ginshiƙai a jere hagu da dama, dogayen tagogi, rufin kuma baka-baka ne da ke haɗuwa a sama, irin abin da maginan ƙasar Hausa ke kira ɗaurin guga, sai dai wannan na dutse ne. Wannan siffa ta zauren taro ita ce ta yi wa ginin rana daga baya.

A ƙarshen 1794 sojojin juyin juya halin Faransa suka ci Maastricht. A 1796 sabuwar hukuma ta rusa ƙungiyoyin 'yan zuhudu, ta ƙwace kadarorinsu, aka sallami malaman. Ko da Faransawa suka fita a 1814, ba a mayar wa ɗarikar da cocin ba. Ya zauna a hannun hukumar gari.

Daga nan ginin ya yi ta sauya hannu. Ya yi bargar dawakin soja, ya yi sito. An ajiye takardun tarihin gari a ciki, ƙungiyar makaɗan birni ta yi amfani da shi, an baje kolin motoci da furanni, an yi dambe. Shekara da shekaru nan ne ake yi wa yara shagalin kanibal (carnival), bikin kiɗa da rawa da shigar ban dariya da mutanen Maastricht ba sa wasa da shi, shi ya sa dattawan garin da yawa idan aka ambaci ginin, kiɗa da rawa suke tunawa. A ƙarshe ya zama wurin ajiye kekuna.

Wannan tarihin yana da muhimmanci ta fuska biyu. Na farko, lokacin da aka zo maganar kanti, babu wani mai rai da aka yi wa baftisma a ciki, ko aka ɗaura masa aure, ko aka yi jana'izar mahaifiyarsa a wurin. Ba ikilisiyar da za a lallasa, ba bishop da za a nemi sa hannunsa. Zafin rabuwa da ke tayar da rigima a sauran wurare ya huce tun zamanin kakannin kakanni. Idan aka kwatanta da rumfar kekuna, kantin littattafai ɗaga daraja ne, kuma haka mutanen gari suka karɓe shi.

Na biyu, duk waɗannan 'yan hayan talakawa ne a wajen gini. Ba wanda yake da kuɗin da zai zuba dakali ya raba zauren hawa-hawa, ko ya fasa bango ya faɗaɗa taga. Sun shigo da kayansu, sun fita da kayansu. Bagadai da kujeru da sauran kayan ibada sun watse tun farko, gidan malaman da ke jikin cocin ma daga baya aka rushe mafi yawansa, amma gangar jikin ginin ta tsira. Rashin kuɗi ya yi wa ginin gadi fiye da yadda ake zato.

A cikin wannan zamanin na sakaci ne, a shekarun 1860, wani matashi ɗan garin mai suna Victor de Stuers ya gano wani tsohon zane a bango ƙarƙashin farar ƙasa. Zanen na 1337 ne, yana ba da labarin rayuwar Thomas Aquinas, babban malamin ɗarikar, wanda ya rasu a 1274 aka ayyana shi waliyyi a 1323. Wato shekara 14 kacal bayan ayyanawar aka yi zanen, shi ya sa ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a kan wannan malami. (Ɗaliban falsafar Musulunci sun san sunan, domin Aquinas ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin, ya ɗauki wasu ra'ayoyinsu, ya yi jayayya da wasu.) Shi kuwa De Stuers, shi ne ya zama jagoran kafa tsarin kare gine-ginen tarihi a Holan baki ɗaya.

Murabba'in mita 750, ana neman 1,200

A farkon shekarun 2000 aka tashi sake gina rukunin kantuna na Entre Deux da ke manne da cocin, tsakanin manyan dandalin garin biyu, Vrijthof da Markt. Gyaran cocin ya shiga cikin wannan babban aiki. Kamfanin SATIJNplus ne ya kula da gyaran ginin kansa, wato dutse da rufi da tagogi. Ɗan hayan da aka samu shi ne BGN, kamfani mai jerin kantunan littattafai da ya raɗa wa suna Selexyz. Tsara cikin kantin kuma aka ba ofishin Merkx + Girod na Amsterdam, na Evelyne Merkx da Patrice Girod.

A nan gizo yake saƙar. Kamfanin ya yi lissafinsa ya ce sai da filin ciniki na murabba'in mita 1,200 kantin zai riƙe kansa. Daɓen cocin kuwa 750 ne. Hanya mafi sauƙi, wadda aka bi a coci da dama a Turai, ita ce a shimfiɗa sabon bene daga bango zuwa bango. Fili zai ninka nan take. Amma wanda ke ƙasa zai ga silin a kansa kamar kowane shago, wanda ke sama kuma zai ga guntayen ginshiƙai da rabin taga. Tsayin zauren, wanda shi ne dukiyar ginin, ya tafi ke nan. Masu zanen suka ƙi.

Abin da suka kawo shi ne wata ƙatuwar kantar littattafai ta baƙin ƙarfe, mai hawa uku, wadda mutum ke shiga cikinta ya yi yawo. Tana da matakala da lif a jikinta. Ba a tsakiya suka dasa ta ba. Sun tura ta gefe guda, ta bi layin ginshiƙan ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren kuma aka bar shi da gajerun tebura na baje littattafai. Saboda haka wanda ya shigo daga ƙofa idonsa yana tafiya kai tsaye har ƙuryar ginin, yana kuma ɗaga kai ya ga rufin tun daga farko har ƙarshe. An sami filin da ɗan kasuwa yake nema ta hanyar hawa sama a gefe ɗaya kawai.

Kantar tana tsaye da ƙafafunta. Ba a kafe ta a bango ba, ba a rataya nauyinta a ginshiƙan 1294 ba. Idan wata rana aka daina sayar da littattafai, ana iya kwance ta a fitar, zauren ya koma yadda yake. Masu kula da gine-ginen tarihi suna ba wannan sharaɗi muhimmanci ƙwarai: duk abin da za ka ƙara, ya zama wanda na bayanka zai iya cirewa ba tare da ya bar rauni ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ita ce madogarar wannan fanni, ta ce amfani da tsohon gini don wata hidimar jama'a yana taimaka wa kiyaye shi, muddin ba a sauya tsarinsa da adonsa ba. Ta kuma ce sabon ƙari ya fito a sabonsa, kada a yi masa shigar tsoho. Baƙin ƙarfe a gefen dutse mai haske ya cika wannan. Ba mai kallon kantar ya zaci malaman ƙarni na 13 ne suka ƙera ta.

Akwai wata riba da ta zo a kan hanya, wadda a ganina ta fi komai daɗi a aikin. A rufin akwai zane-zanen waliyyai na wajajen 1619, waɗanda suka dushe, kuma shekara ɗaruruwa ba mai ganinsu sai daga nesa. Yanzu wanda ya hau hawa na sama neman littafi sai ya tsinci kansa kusa da su, yana ganin fuskokin da saƙar dutsen bakunan. Ko malaman da suka biya kuɗin zanen ba su taɓa ganinsa daga wannan kusanci ba, sai dai mai fentin da ya hau katako.

Abubuwan da kanti ba ya yi sai da su amma ba su da kyan gani, kamar banɗaki da ma'ajiya da injuna, an tura su ƙarƙashin ƙasa. A nan ya kamata a rage murya wajen cewa komai na aikin ana iya mayar da shi yadda yake. Ƙarfe yana kwantuwa, rami kuwa idan an haƙa an haƙa. A cocin zamanin da, a ƙarƙashin daɓe ake binne manyan gari da masu hali, don haka haƙa a irin wannan wuri sai masu binciken kayan tarihi sun riga magina shiga, kuma abin da aka kwashe ba ya komawa. Farashi ne da aka biya don a bar zauren sama a sarari. Ina ganin cinikin ya yi, amma ciniki ne.

An buɗe kantin a ƙarshen 2006. A 2007 aikin ya ci kyautar Lensvelt ta tsara cikin gini, wadda ake ji da ita a Holan.

Teburin da ke inda bagadi yake

A ƙuryar ginin, inda malamai ke tsayawa su yi addu'a, nan aka sa wurin shan kofi. A tsakiyarsa akwai dogon tebur da aka yi masa siffar gicciye. Masu yawon buɗe ido suna son sa, suna ɗaukar hotonsa. Wasu Kiristoci kuwa abin yana sosa musu rai, kuma ban ga laifinsu ba. Duk sauran aikin an yi shi da kunya da kawaici: sabo ya tsaya gefe, ya bar tsoho ya yi magana. Teburin ne kaɗai wurin da masu zanen suka ɗauki alamar addinin suka yi wasa da ita, a daidai wurin da ya fi kowane alfarma a ginin. Da tebur mai kusurwa huɗu aka sa, ba abin da zai ragu a kofin ko a cinikin. Da a ce cocin da aka rufe bara ne, da tsofaffin masu ibada suna raye a unguwar, da wuya wannan tebur ya wuce ba a kai ruwa rana ba.

Zafi, danshi da lissafin muhalli

Masu goyon bayan sake amfani da tsofaffin gine-gine suna da hujja mai ƙarfi ta fuskar muhalli. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ginin da yake tsaye an riga an biya kuɗin dutsensa da jigilarsa tun ƙarni bakwai da suka wuce. Duk shekarar da ya ƙara yana aiki, an huta da gina wani sabo da zubar da ɓaraguzan tsoho.

Ɗaya gefen lissafin shi ne na yau da gobe. Bangon da ke ɗauke da zanen 1337 ba a lulluɓe shi da abin tare sanyi. Iska mai ɗumi sama take gudu, ta bar mai karɓar kuɗi a ƙasa yana rawar ɗari, ta je ta taru a rufi inda zanen 1619 yake. Dutse mai laushi yana shan ruwa yana riƙe gishiri, kuma idan ɗaki yana ɗumi da rana yana sanyi da dare, gishirin yana narkewa yana sake daskarewa, yana tura fenti da yaɓe suna zubowa. Ga dubban mutane masu shigowa da jiƙaƙƙun riguna da numfashinsu. Saboda haka a irin waɗannan gine-gine abin da ake nema shi ne yanayi mai daidaito, ba hawa da sauka, kuma a kai ɗumin inda mutane suke maimakon a ce za a cika zauren duka. A wannan fuska littafi maƙwabcin kirki ne ga tsohon zane, domin abin da takarda ke so na rashin danshi da rashin sauyi kwatsam shi ne abin da bangon ke so. Gidan abinci mai tururi da hayaƙin mai, ko wurin wanka, ko gidajen kwana da kowa ke murɗa nasa zafin, sun fi wahalar da gini nesa ba kusa ba.

Ranar da ɗan haya ya faɗi

Shekara biyar da 'yan watanni bayan buɗewa, a 2012, Selexyz ya karye. Cinikin littattafai ta intanet ya ci kasuwar manyan kantuna, ga hayar tsakiyar gari mai tsada. Wani kamfanin zuba jari, ProCures, ya saye shi, ya haɗa shi da De Slegte, tsohon kamfanin sayar da littattafan da aka riga aka yi amfani da su, aka raɗa wa haɗakar suna Polare a 2013. Ba ta yi shekara ba. A farkon 2014 aka rufe kantunan Polare, kotu ta tabbatar da karyewarsa. Kantin da aka ce ya fi kowanne kyau a duniya ya wayi gari da kwaɗo a ƙofa.

Wannan ita ce jarrabawar gaskiya ta aikin, kuma ba a cika ambatonta a tarukan masu zanen gini ba. Ginin da ya kai shekara 720 ya dogara da kamfanin da bai kai shekara ɗaya ba. Kyan kantar ƙarfe bai hana komai ba, domin matsalar daga hedikwata ta taso, ba daga Maastricht ba.

Manajan kantin, Ton Harmes, shi da abokan aikinsa suka yanke shawarar karɓar reshen su tsaya da ƙafarsu. Aka yi karo-karo, mutanen gari da masu sayen littattafai suka sa hannu a aljihu, aka sake buɗewa a cikin shekarar da sunan da yake ɗauke da shi har yau. Abin da ya sa jama'a suka ba da kuɗinsu bai rasa nasaba da irin amfanin da aka zaɓa wa ginin. Kantin littattafai ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Ba tikiti, ba mai tambayarka abin da ka zo saya. Ɗalibi yana shiga ya fake wa ruwan sama, tsohuwa tana shiga ta nuna wa jikanta inda ta yi rawar kanibal. Mutane sun saba ɗaukar wurin a matsayin nasu, shi ya sa da aka rufe suka ji a jikinsu.

A nan kwatanci da wani aiki a garin yana da amfani. Tafiyar 'yan mintoci daga nan akwai Kruisherenhotel, gidan 'yan zuhudu na ƙarni na 15 da cocinsa, wanda aka mayar otal na alfarma a 2005. Dabarar kusan iri ɗaya ce: sababbin sassa suna tsaye da kansu a cikin tsohon zaure ba su jingina da bango ba. Gyaran ya yi kyau, ginin ya tsira. Amma wanda ba shi da kuɗin ɗaki ko na cin abinci ba ya jin wurin nasa ne. Ta fuskar dutse ayyukan biyu sun yi kunnen doki, ta fuskar jama'ar gari kuwa akwai tazara.

Wani abin da ke tallafa wa kantin ba a ganinsa a hoto: tun 2005 Holan tana da dokar da ta ƙayyade farashin sabon littafi na harshen ƙasar, ta yadda babban dillalin intanet ba zai karya farashi ya kashe ƙananan kantuna ba. Ba don irin wannan doka ba, da lissafin hayar zaure mai wannan girma ya fi haka wuya. Duk da haka shaharar wurin tana da nata nauyin. Ɗaruruwan dubban mutane ke shiga a shekara, kuma da yawansu hoto suka zo ɗauka. Suna cika hanya, suna taka daɓe, ba lallai su sayi ko kati ba. Shi ya sa kofi, da taron ƙaddamar da littattafai, da laccoci da ƙananan wasannin kiɗa suke cikin abin da ke riƙe da wurin.

Iyakar darasin

An gwada irin wannan a wasu wurare kuma ya yi. A Zwolle, a 2013, aka buɗe kantin littattafai a cikin Broerenkerk, shi ma tsohon cocin Dominikan ne, da benaye a gefe da za a iya cirewa, aka bar tsakiyar zauren da tsohon molon cocin mai bututu a inda yake. Amma ƙasa ba ta buƙatar kantin littattafai dubu, kuma yawancin cocin da ake rufewa yanzu ba su yi kama da na Maastricht ba ko kaɗan.

Bambanci na farko shi ne mai ginin. Cocin da aka rufe kwanan nan yana hannun hukumar coci, kuma tana da dokarta. Sashe na 1222 na kundin dokokin Katolika ya ba bishop ikon sakin gini ga amfanin duniya, da sharaɗin kada ya zama na ƙazanta. Bishop-bishop na Holan sun fassara wannan da tsauri. A ƙa'idojin da suka fitar a 2008 sun fifita hidimar jama'a da ta al'adu, sun ƙi a miƙa gini ga wani addini, kuma a wajensu gara a rushe da a bar shi ga abin da bai dace ba. Masallacin Fatih da ke Amsterdam, wanda tsohon cocin Katolika ne da ya zama masallaci a farkon shekarun 1980 bayan ya yi zaman shago, ya riga waɗannan ƙa'idoji. A ƙarshen 2018 fadar Vatican ta kira taro a Roma kan wannan batu, ta fitar da jagora da ke nuna ƙyamar amfani na neman riba zalla, amma ta lissafa gidajen tarihi da ɗakunan karatu da kantunan littattafai cikin abubuwan da aka fi so. Masu kare gine-ginen tarihi dutse suke son ya tsira ko me za a yi a ciki. Hukumar coci kuwa alfarmar wurin take karewa ko da dutsen zai tafi. Cocin Dominikan bai shiga wannan ja-in-ja ba saboda Faransawa sun yanke hukuncin tun 1796.

Bambanci na biyu shi ne wuri. Maastricht gari ne na jami'a da baƙi, sunansa ya shiga duniya tun yarjejeniyar 1992 da ta haifi Tarayyar Turai da kuɗin yuro, kuma cocin yana tsakiyar kasuwa inda ƙafa ba ta ɗaukewa. Cocin ƙauye mai mutum 400, ko na unguwar ma'aikata da aka gina a 1960, ba shi da masu wucewa da za su biya kuɗin rufinsa.

Don irin waɗannan, Holan ta bi wasu hanyoyi marasa ɗaukar ido. Tun 1973 akwai Monumentenwacht, ƙungiyar da ma'aikatanta ke zagayawa suna hawa rufin tsofaffin gine-gine, suna share indararo, suna mayar da fale-falen rufi da suka zame, suna rubuta wa mai gini abin da zai lalace nan gaba idan bai gyara ba. Daga wajajen 2019 gwamnati ta riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗi su zauna da masu coci da mazauna unguwa su tsara makomar duk cocin da ke yankinsu gaba ɗaya, tun kafin a kai ga rufewa: wanne zai ci gaba da ibada, wanne za a raba shi tsakanin ibada da wata hidima, wanne za a sayar. A lardin Groningen da ke arewa kuma, wata gidauniya mai suna Stichting Oude Groninger Kerken, wadda aka kafa a 1969, ta karɓi tsofaffin coci kusan ɗari, yawancinsu na ƙauye. Gidauniyar ke ɗaukar nauyin rufi da bango, kwamitin 'yan sa kai na kowane ƙauye kuma shi ke riƙe da makulli, yana ba da wurin don kiɗa, baje koli, ɗaurin aure, jana'iza da taron gari.